Daga Ƙauye Zuwa Kef Tawun: Jagorar Hutu a Birnin da Ba Ruwan Wani da Wani

Wanda ya gama girbi, ya kai riɗinsa ko zoɓonsa kasuwar Maigatari ko Dawanau ya karɓi kuɗi, yana da wata uku zuwa huɗu a hannu kafin a fara sharar gona. Waɗannan watanni, daga Nuwamba zuwa Maris, su ne lokacin da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya fi daɗin zuwa, don yanayinsu a juye yake da namu. Muna rawar ɗari a hunturu, su kuwa suna cikin zafi da doguwar rana. Daga Yuni zuwa Agusta, muna tsakiyar damina, su suna fama da sanyi da ruwa da iska. Mai noman rani a Kura ko fadamun Haɗeja sai ya duba nasa lissafin, amma ga ma'aikaci mai hutun ƙarshen shekara da ɗan kasuwa da mai noman damina, lokacin ya faɗo daidai.

Birnin yana da abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa wuri guda ba. Akwai tsohuwar al'ummar Musulmi da ta haura shekara 300, da masallatai da abincin halal a ko'ina. Sannan shi ne birnin da ya fi kowanne a Afirka suna wajen sakar wa masu neman jinsinsu mara, dokar ƙasa kuma tana bayansu. Wani zai zaɓe shi don na farkon, wani don na biyun, wani kuwa teku da dutse kawai suka kai shi. Duk wanda kake a cikinsu, shirin kusan ɗaya ne, kuma dukanku gida za ku dawo.

Takardu tukuna

Fasfo shi ne farko. Ana cike takarda a biya kuɗi ta intanet, sannan a je ofishin shige da fice na Kano ko na Dutse a ɗauki hoto da zanen yatsu. Abin da ya fi tsayar da mutanenmu shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin lambar NIN da sauran takardu: nan Muhammadu, can Muhammad, wani wurin Mamman. Ka daidaita wannan kafin ka biya ko sisi. A tabbata fasfon yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kai ba.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Afirka ta Kudu ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya. Jami'an lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano suna yin allurar su ba da katin, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Kada ka sayi na bogi a hannun ɗan kamasho. A can ne za a gane, bayan ka riga ka ƙona kuɗin jirgi.

Biza ita ce mai ɗaukar lokaci. Ana miƙa takardu ta kamfanin VFS Global a Abuja ko Legas, ofishin jakadanci ne kuma ke yanke hukunci. Za a nemi fasfo, hotuna, katin shawara, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, takardar wurin aiki ko ta sana'a, da bayanan asusun banki na watannin baya. A nan ne mutumin karkara yake shan wahala ba don ba shi da hali ba. Dukiyarsa tana cikin garke da rumbu, asusunsa kuwa fayau. Idan ka sayar da bijimi biyu ka zuba kuɗin rana ɗaya, mako guda kafin miƙa takardu, mai dubawa zai ɗauka aro ka yi don a gani. Tun daga farkon kaka ka riƙa shigar da cinikinka ta banki, kuɗi su riƙa shiga suna fita, a ga asusun yana numfashi. Ka nemi masaukin da za a iya sokewa ba asara, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Ke kuma 'yar'uwa, idan tafiyar taki ce, ki sasanta maganar izini a gida tun ana batun fasfo, kada sai biza ta fito a tsaya ana kai ruwa rana da Baba ko maigida.

Kuɗi, jirgi da jaka

Kuɗinsu rand ne. Mafi sauƙi ka buɗe asusun dala a bankinka a ba ka katin da ke aiki a waje, sannan ka riƙe 'yan daloli da ka canza a Wapa don ko-ta-kwana. Kati ya fi tsabar kuɗi amfani a can nesa ba kusa ba, har akwai wuraren da ba sa karɓar tsaba sam.

Daga Kano, jirgin Habasha yakan bi ta Adis Ababa ya sauke ka kai tsaye a Kef Tawun. Ko ka gangara Legas ka hau mai zuwa Johanasbag, daga nan ka ƙara kamar awa biyu a jirgin cikin gida. A tikiti za ka ga an rubuta Cape Town, ko CPT a taƙaice. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya.

Kilishi da dambun nama su zauna a gida, ba a shiga da nama. Saƙon wani kuwa, ko ɗan uwanka ne ya ce "ɗan ƙunshi ne kawai, wani yaro zai karɓa", kada ka ɗauka sai ka kwance ka gani da idonka. Ka saka rigar sanyi ko da zafi ake yi, don iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa a wannan lokaci tana iya tuge hula daga kai, kuma da yamma gari yakan yi sanyi. Babbar riga ta Juma'a ce kaɗai. Sauran kwanaki kaftani marar nauyi ko riga da wando, da takalmi sau-ciki mai kama ƙasa. Soket ɗinsu mai ramuka uku ne zagayayyu, cajarka ba za ta shiga ba sai da mahaɗi, ana sayar da shi a filin jirgi.

Sauka da masauki

Kafin ka fita daga filin jirgi ka sayi layin waya, Vodacom ko MTN. Da fasfo ake rajista. Daga nan zuwa tsakiyar gari kamar kilomita 20 ne. Ka kira mota ta Uber ko Bolt, ka duba lambar motar ta dace da wadda ke wayarka, ka rabu da masu tare ka a ƙofa suna cewa taksi. Hanyar tana ratsa gefen unguwannin talakawa masu gidajen kwano, inda mulkin wariya ya tura baƙar fata. Ka kalla da kyau, don wannan ma birnin ne, amma ba wurin da baƙo zai shiga shi kaɗai ba ne.

Unguwar da ka sauka ita ce rabin hutunka. Bo-Kaap tana gangaren tudu, kana jin kiran salla daga ɗakinka. Sea Point tana bakin teku, da doguwar hanyar tafiya a ƙasa, ga shaguna da gidajen abinci masu sauƙin kuɗi. Ni ita nake zaɓar wa mai zuwan farko. De Waterkant da Green Point suna tsakanin biyun, su ne kuma cibiyar masu neman jinsi. Camps Bay ta masu hannu da shuni ce, a je a gani a dawo. Idan ku biyu ne maza kuka kama ɗaki ɗaya don rage kuɗi, ku faɗa tun wajen kamawa cewa gado biyu kuke so. Ma'aikacin otal ba zai tambaye ku komai ba, babban gado ɗaya zai ba ku ya miƙo makulli.

A cikin gari akwai bas ɗin MyCiTi, da kati ake hawansa. Akwai kuma jar bas mai buɗaɗɗen sama ta 'yan yawon buɗe ido, wadda kake sauka inda ka ga dama ka sake hawa ta baya da tikiti ɗaya. Ranar farko ka hau ta ka zaga, ka san gabas da yamma. Motoci ta hagu suke bi, don haka wajen tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Dutsen Tebur: ranar da ya buɗe, ranar za ka hau

Kada ka sa wa dutsen nan rana a jadawali. Kullum da safe ka ɗaga kai. In ka ga samansa a share, babu farin gajimaren nan da ke kwanciya a kai yana zubowa ta gefe, to ka ajiye duk abin da ka shirya ka nufi can. Iska tana tashi ake rufe motar igiya mai kai mutane saman dutsen, kuma tana iya yin kwanaki ba ta lafa ba. Mutane da yawa sun bar shi sai ranar ƙarshe, suka koma gida da hotonsa daga ƙasa.

Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,000. Motar igiyar tana aiki tun 1929, ta yanzu kuma daɓenta yana juyawa a hankali yayin da take hawa, kowa ya samu ganin kowane ɓangare, cikin kamar minti biyar an kai. Ka sayi tikiti ta intanet ka je da sassafe. A sama fili ne shimfiɗaɗɗe da hanyoyin ƙafa, ga rema nan birjik suna shan hantsi a kan duwatsu, ba sa ko gudun mutum. Mai ƙarfin gwiwa yana iya hawa da ƙafa ta Platteklip, awa biyu zuwa uku na matakalar dutse, amma da ruwa a hannu, da abokan tafiya, kuma ba da tsakar rana ba.

Bo-Kaap, da tsibirin Robben

Waɗannan biyun labarinsu a sarƙe yake, shi ya sa ya fi kyau a yi su a jere.

Turawan Holan sun kafa zango a nan a 1652, suka riƙa kawo bayi da fursunonin siyasa daga tsibiran Indonesiya da Indiya da gabashin Afirka. A cikinsu akwai malamai. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694, ya rasu a 1699, kabarinsa yana wajen gari ana ziyartarsa har yau. Bayansa sai wani malami daga Tidore da ake kira Tuan Guru, wanda aka tsare a tsibirin Robben shekara da shekaru. A can, ba littafi a hannunsa, ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk wanda ya taso kusa da tsangaya ya san nauyin wannan aiki, ya san abin da ake nufi idan aka ce alaramma ya rubuta. Da aka sake shi ya zama limamin masallacin Auwal da ke titin Dorp, wanda aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar. Kwafin da ya rubuta yana ajiye a masallacin cikin gilashi.

Ka je sallar azahar a can, ka tsaya ku gaisa da dattawan. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, kada abin ya ba ka mamaki. Alƙibla kuma ba gabas take ba, arewa ce da ɗan karkatawa gabas, don haka a ɗakin otal ka duba waya kafin ka shimfiɗa darduma. A Disamba rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas na dare, asuba kuma tun kafin huɗu. In kana unguwar da sha biyun rana ka ji ƙarar igwa, kada ka ruga. Daga tudun Signal Hill ake harba ta kullum ban da Lahadi da ranakun hutu, tsohuwar al'ada ce ta daidaita agogo.

Gidajen unguwar kowanne da launinsa, kore, shuɗi, ruwan hoda, titunan kuma na dutse ne. Mutane ne ke zaune a ciki, ba kayan kallo ba ne, ka yi sallama kafin ka jingina da ƙofar wani don hoto. A titin Wale akwai ƙaramin gidan tarihi da shagon kayan ƙamshi. Ka ɗanɗana bobotie, niƙaƙƙen nama da aka gasa da ƙwai a sama, da samosa, da koesister na safiyar Lahadi, soyayyen fulawa mai kirfa da citta da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗa kwakwa. A sauran gari ka nemi takardar halal a bango, ta MJC ko ta SANHA, ƙungiyoyin da ke tantance abincin halal. Tuwo kam sai dai nasu na masara da suke kira pap.

Jirgin ruwan tsibirin Robben yana tashi daga tashar bakin teku ta V&A Waterfront. A lokacin hutu tikiti yana ƙarewa tun da kwanaki, ka saya da wuri, kuma shi ma iska tana hana shi tashi. Zuwa da dawowa kusan awa huɗu ne. Nelson Mandela ya yi shekara 18 a nan daga cikin 27 da ya yi a tsare, daga 1964 zuwa 1982. Za a nuna maka ɗakinsa, wanda in ka miƙe ƙafa ka kusa taɓa bango biyu, da ramin farar ƙasa inda suka yi ta fasa dutse har hasken ya lalata masa ido. Sau da yawa tsofaffin fursunonin ne da kansu suke zagayawa da baƙi. Akwai kuma hubbaren wani shehi, Sayyid Abdurrahman Moturu, dab da gidan yarin. Mai jin jiri a mota ya sha magani kafin ya hau, tekun ba ta da sauƙi.

Da ka dawo, a Waterfront ɗin akwai Zeitz MOCAA, gidan zane-zanen Afirka na zamani da aka buɗe a 2017 a cikin tsohon rumbun hatsi na siminti da aka fafe cikinsa. Ko zane bai dame ka ba, ginin ya isa kallo. A tsakiyar gari kuma, gidan tarihin District Six yana ba da labarin unguwar da aka ayyana ta Turawa zalla a 1966, aka kwashe mutum sama da 60,000 aka rushe gidajensu. Daga nan taku kaɗan ne zuwa barandar zauren birni, inda Mandela ya yi jawabi ranar 11 ga Fabrairu 1990 da aka sake shi.

Abin da za ka gani, da yadda za ka riƙe kanka

Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake nema. A 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi, ta farko a Afirka, ta biyar a duniya. Saboda haka a De Waterkant da Green Point da Sea Point za ka ga tuta mai launin bakan gizo a ƙofar shago, za ka ga maza biyu ko mata biyu riƙe da hannu, wasu da yaronsu a keken jarirai. A titin Somerset har wurin tsallaka titi an yi masa fentin launukan. Ba wanda yake waiwaye. A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris suna bikinsu na shekara, Cape Town Pride, da jerin gwano da kiɗa a Green Point. Mai son gani ya daidaita tafiyarsa da lokacin, wanda ba ya so ya kauce wa makon, ko ya tafi kallon teku ranar.

In kai baƙon kallo ne kawai, aikinka mai sauƙi ne: ka riƙe idonka da bakinka da wayarka. Ƙura ido, tsaki, tofar da yawu, wa'azi a bakin titi, duk ba su da wuri. Zagin mutum a kan wannan yana iya kai ka gaban hukuma, kai ne kuma za a ba rashin gaskiya. Mai kawo maka abinci ko mai masaukinka yana iya kasancewa cikinsu, ka ba shi girman da za ka ba kowa. Ka kuma san cewa riƙe hannun aboki ana tafe ana hira, da muka saba da shi a gida, a can wata fassara ake yi masa. Ba wanda zai tanka, amma gara ka sani.

Babban abin da nake roƙo shi ne hoto. Kada ka ɗauki bidiyon mutane ka watsa a TikTok ko zauren WhatsApp na gari da sunan "ku zo ku ga abin da na gani". Birnin cike yake da 'yan Afirka da suka baro ƙasashensu saboda wannan dalili, har da 'yan Najeriya. Fuskar da ta faɗo cikin bidiyonka tana iya zama ta ɗan wani gida a Gumel ko Bichi, kai ka wuce ka manta, shi da danginsa ka jefa su cikin bala'i.

In kuwa kai ne wanda wannan 'yanci ya jawo, ga abin da ke akwai. De Waterkant ƙaramar unguwa ce, cikin rabin awa ka zagaye ta. Da rana wurin shan shayi da gahawa ne da ƙananan shaguna, kana iya zama kai kaɗai ka ga yadda mutane ke rayuwarsu ba ɓoye-ɓoye, ba dole sai ka shiga gidan rawa ko ka kusanci giya ba. Da dare, musamman Juma'a da Asabar, wuraren kiɗa na kewayen titin Somerset suke cika. A bakin teku, Clifton kashi huɗu ce, ta ukun ce aka fi sanin su da ita. Ƙungiyar Triangle Project tana ba da shawara da taimakon lafiya ga mai bukata.

Sai dai doka daban, titi daban. Abin da ya wuce lami lafiya a Green Point yana iya jawo duka a wata unguwar bayan gari. A Fabrairun 2025 aka harbe Muhsin Hendricks, limamin Kef Tawun da ya bayyana a fili cewa shi mai neman jinsinsa ne, a kusa da garin Gqeberha. Akwai kuma 'yan fashi da ke ɗana tarko a manhajojin haɗuwa: hoto mai kyau, gayyata zuwa wani gida, sai a tsare mutum a kwashe abin da ke asusunsa. Haɗuwar farko a yi ta a bainar jama'a, kada ka hau motar wanda ba ka sani ba, kada ka bar abin shanka ka tashi. Ƙasar ce ta fi kowace yawan masu ɗauke da cutar HIV a duniya, wannan gargaɗi kuma na kowa ne, ko wa yake nema. Kwaroron roba yana kowane kantin magani, kuma in an yi kuskure akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72, a je asibiti ba jinkiri.

Sannan ka tuna inda za ka koma. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a fili. A Kano da Jigawa ga dokokin shari'a da ke aiki tun farkon shekarun 2000, ga Hisba, ga idon gari wanda ya fi duka kaifi. Waya a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Ƙanenka zai ce "Yaya, ara min in ga hotunan teku", a mai caji za ta wuni, matarka ko Inna za su so ganin inda ka je. Hotuna kuma suna hawa intanet da kansu in ba ka kashe wannan saitin ba. Abin da ba ka ɗauka ba shi ne kaɗai ba zai fita ba. Wannan ya shafi har wanda ya tsaya kallon jerin gwano don sha'awar ido: hoto ɗaya da tuta a bayanka ya isa a yi shekara ana maganarka a majalisa.

Rana guda a bakin teku

Ka ware yini ɗaya don zagayen kudancin birnin, da motar 'yan yawon buɗe ido ko direban da masaukinka ya sani. Ana bi ta Hout Bay, a hau hanyar Chapman's Peak da aka sassaƙa a jikin dutse, teku tana can ƙasa. A Boulders, kusa da Simon's Town, akwai tsuntsayen penguin, gajeru masu tafiya a tsaye, baya baƙi ciki fari, ba sa tashi sai iyo. Suna cizo, a kalla daga kan katako. A Cape Point gwaggon biri ya iya buɗe ƙofar mota da zik ɗin jaka, kada ya ga abinci a hannunka. Za a ce maka nan ne ƙarshen Afirka. Ainihin ƙarshen yana Cape Agulhas, can gaba ta gabas. Kuɗin shiga waɗannan wurare na baƙon waje ya ninka na ɗan ƙasa, ka sa shi a lissafi.

Ruwan Clifton da Camps Bay ido ne kawai yake jin daɗinsa, sanyinsa ya fi na ruwan randa a tsakiyar hunturu. Mai son shiga ya tafi Muizenberg, inda ya fi dama-dama, ya tsaya tsakanin tutocin masu ceto. Iya iyo a kogin Haɗeja ba ya nufin an iya teku. Shigar mutane a bakin ruwa kuwa sai ka yi haƙuri da ita, Sandy Bay ma tsirara ake zama, wanda bai shirya ba kada ya bi hanyar. In kana da sauran yini, lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913 a gindin dutsen wuri ne na shimfiɗa tabarma a huta.

Tsaro, da hanyar gida

Birnin yana da ɓarayi, ba a ɓoye wannan. Kada ka yi tafe da waya a hannu, kada ka bi titin da ba kowa bayan duhu, titin Long da dare a kula da aljihu. A wajen na'urar cire kuɗi duk wanda ya ce zai taimake ka ɓarawo ne, haka wanda ya ce sai ka sayi wani izini da kati kafin ka bi wata hanya. Fasfo ya zauna a masauki, ka yawata da kwafinsa. Lambar 'yan sanda 10111 ce, daga wayar hannu kuma 112. Sunan Najeriya yana da nauyi a ƙasar, an kai wa baƙi hare-hare a 2008 da 2019, mafi muni a yankin Johanasbag. A wuraren baƙi da wuya ka gamu da wannan, amma in wani ya tsokane ka da maganar ƙasarku, ka ba shi baya ka wuce.

A gidan abinci ana ƙara wa mai hidima kashi 10 cikin 100 na kuɗin. Ruwan famfo ana sha.

Tsaraba ka saye ta a kasuwar Greenmarket Square, inda ake ciniki kamar a gida, sai shayin rooibos da kayan ƙamshin Bo-Kaap don Inna da matan gida. Kaya masu tsada ka karɓi rasit na haraji, don baƙo yana iya neman a mayar masa da harajin kashi 15 a filin jirgi, in ya nuna kayan kafin a auna jaka. Kada ka wuce ranar da biza ta ƙare ko da kwana ɗaya, ana hana mutum sake shiga ƙasar. Idan jirginka zai sauka Kano da dare, ka kwana a birni wurin 'yan uwa, da safe ka nufi tasha ka hau motar garinku.